Dila da Garken Talotalo

Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunnen ji!

Ta zo mu ji ta, mun yi tsit!

An yi wani zamani, talotalo a daji suke zaune, ba su san gidan kowa ba. Da damina ta fara ja da baya, gero ya nuna, sai iyaye mata uku suka haɗa 'ya'yansu garke guda: Tambai babbarsu, da Kulu, da Yalwa. In biyu sun sunkuya tsince-tsince, ɗaya na tsaye, wuya a miƙe, tana gadi.

Dila kuwa yana bayan suri yana kallo. Kullum da hantsi su wuce a jere, 'ya'yan sun yi ɓulɓul, suna bin fara. Yawunsa ya tsinke. Amma ko kunne ya motsa, sai mai gadi ta yi kuka, su tashi fir su hau bishiya.

Ya ce a ransa, "Tsintsiya a ɗaure ba ta karyuwa. Bari in kwance ta."

Ya tari Kulu a bakin rafi, ya tsaya nesa-nesa. "Sannu, uwar yara. Ni ba na gulma, abin da ido ya gani nake faɗa. In kina gadi, Yalwa ture 'ya'yanki take yi. Nata su ci tsaba, naki ƙaiƙayi."

Kulu ta ce, "Ashe!"

Ya tari Yalwa. "Sannu, uwar yara. Ni ba na gulma, abin da ido ya gani nake faɗa. In Kulu na gadi, nata kaɗai take duba wa."

Yalwa ta ce, "Ni Kulu za ta yi wa haka?"

Ya tari Tambai. "Sannu, uwar yara. Ni ba na gulma..."

Ta katse shi. "Tun yaushe ka fara tausayin tsuntsu? Wuce ka ba ni wuri!"

Dila ya yi dariya. "Ke kin ƙi ji, Yaya, amma sauran sun ji."

Washegari faɗa ya kaure, gashi na tashi. Tambai ta shiga tsakani tana cewa, "Haba ƙannena, wa ya faɗa muku?" Babu wadda ta kula ta. Kulu ta kwashi nata ta yi gabas, Yalwa ta yi yamma.

To, uwa ita kaɗai, in ta sunkuya wa zai duba mata? Dila ya fara da 'ya'yan Tambai.

Ta ce, "Ni da ban saurare ka ba?"

Ya ce, baki cike, "Ai yunwa ba ta zaɓe."

Ya bi Kulu, ya cinye ta da 'ya'yanta. Ya bi Yalwa, ko ƙashi bai bari ba.

Tambai ta ja ɗanta guda da ya rage, har ƙofar wani manomi. "Baba, ka rufa mana asiri."

Ya ce, "Shigo, gida naki ne."

Ya watsa musu dawa, ya rufe akurki. Da salla ta zo ya wasa wuƙa, ya kama ɗan, tana kallo.

Shi ya sa har yau talotalo ke kumbura, fuska jajir, yana kukan baƙin ciki a tsakar gida. Dila kuwa yana can, ya yi ƙiba.

Yara, in baƙo ya kawo muku sukar ɗan'uwa, ku tambayi ribarsa. Zumunci in ya watse, har wanda bai yi laifi ba sai ya ɗanɗana.

Ƙurunƙus kan fara, mai kunne ya riƙe.