Kwanon Dogara

Akwai wani tsoho manomi, matarsa ta rasu ta bar shi da ɗansu guda, mai suna Dogara. Dogara ya yi gemu har furfura ta soma leƙowa, amma hankalinsa na ƙaramin yaro ne. Ba ya faɗa, ba ya ɓarna. Abu ɗaya ne: ba ya cin abinci sai wani ya zauna kusa da shi, ya wanke masa hannu, ya yanki lomar farko ya ci a gabansa. Haka uwarsa ta saba masa tun yaye, haka uban ya ci gaba. In ba haka ba, ko dakwalwar kaza aka ajiye masa, sai ya zauna yana kallonta har ƙuda su tashi taro.

Tsohon ƙarfinsa ya ƙare, yanar ido ta rufe masa gani, ɗakinsu na ciyawa kuma yana yoyo. Amma ba yoyon ne ke cin ransa ba. Tambaya ɗaya ce: ran da ya kwanta dama, wa zai yanki lomar farko?

Wata Lahadi bayan sujada sai ya miƙe da sandarsa ya ce, "'Yan'uwa, mutum ɗaya nake roƙo. Ya riƙa zuwa yana cin tuwo tare da mu, Dogara ya saba da hannunsa kafin nawa ya tafi."

Dattijon ikilisiya ya gyara murya. "Ehem, ehem. Baba, mun ji, mun kuma fahimta. Wannan matsala ce ta muhalli. Za a kafa kwamiti."

Uwar zumunta, shugabar matan ikilisiya, ta dafe ƙirji. "Wayyo Baba! Wayyo Dogara ɗana! Mu bar ku cikin ruwa? Allah ya kiyaye!"

Aka yi gayya, aka gina ɗaki na bulo mai rufin ƙarfe, aka shafa fenti. Ranar buɗewa mata suka sha anko, aka yi waƙa, aka tsai da Dogara a tsakiya aka ɗauki hoto, sa'an nan aka ce ya ɗan matsa, yana tare ƙofa. Tsohon ya yi godiya, ya ce, "To, wa zai zo cin tuwon?"

"Baba," in ji dattijo, "yau ranar murna ce. Kada mu zama marasa godiya."

Ba a daɗe ba aka ce dole a kai tsohon asibitin birni a yi masa aikin ido. A bakin mota ya riƙe hannun uwar zumunta ya ce, "Mama, a zauna da shi. A wanke masa hannu, a ci lomar farko."

"Kai dai Baba je ka warke! Abinci kuma? Sai ya ture!"

Mata suka raba girki gida-gida. Mai girki za ta zo da kwanonta, ta dire a bakin ƙofa, ta ce, "Dogara, ga tuwo, ci maza!" ta yi gaba, gona na jira. In ta dawo ta tarar da kwano tas, kamar an wanke. Sai saƙo ya isa asibiti cewa Baba ya kwantar da hankalinsa, Dogara yana ci har da suɗi.

Da tsohon ya ji haka, bai yarda ba. Gama ya san ɗansa. Dogara bai taɓa cinye kwano ba. Kullum sai ya bar wa babansa loma a gefe. Bai jira sallama ba, ya shiga mota da bandeji a ido.

Ya iske Dogara zaune a ƙofar sabon ɗakin, wuya ya zama kamar kara, ruwan randa kawai ke riƙe da shi. Ya miƙa hannuwa biyu yana jiran a wanke. A gabansa kuwa ga akuyar dattijo, ta yi ɓul-ɓul, kanta tsundum cikin kwano.

Tsohon ya kori akuyar. Ya ɗebo ruwa ya wanke wa ɗansa hannu. Ya yanki loma daga ragowar akuya ya ci. Sai Dogara ya kai hannu, ya ci, ya ci, ya tura ɗan abin da ya saura gefen babansa.

Uwar zumunta ta zo ɗaukar kwano. "Ikon Allah! Au, ashe... To Baba, ai kai ka sangarta shi. Da ka faɗa mana mana!"

"Na faɗa," in ji tsohon.

Da labari ya kai ga dattijo, ya ce, "Ehem. Za a kafa kwamiti a kan sakin awaki."

Tsohon kuwa yana zaune kusa da ɗansa. Hannunsa yake kallo, yana karkarwa a bakin kwano.

Ma'anar wannan misali ita ce: tsohon shi ne kowane uba da kowace uwa a cikinmu da suka tsufa da ɗa irin Dogara a hannu, suna tsoron mutuwa ba don kansu ba. Sabon ɗakin shi ne taimakon da muke zaɓa domin ana ganinsa daga hanya. Ɗaki abu ne mai kyau, ruwa ya daina zuba, amma bango ba ya wanke wa mutum hannu. Kwanon da aka suɗe kuwa shi ne rahoton da muke karantawa a taro muna tafi, ba wanda ya tsaya ya ga cikin wa ya shiga. Ubangijinmu bai dire mana gurasa a bakin ƙofa ya wuce ba. Zama ya yi, ya ci tare da mu.

Kun san gidan da nake nufi, kowa ya san nasa. Tsohon yana nan da rai, amma hannunsa rawa yake yi. In an tashi sujada yau, kowa zai ci tuwon rana. A gidan wa za ka ci naka?