Rawanin Jatau da Dawar Kwari

A zamanin da, an yi wani sarki da rigimar manoma da makiyaya ta hana shi sakat. Rannan ya fusata, ya sa aka yi shela cewa ran goma ga wata a saki shanu cikin gonaki a duk ƙasarsa, wanda bai kwashe amfaninsa ba shi ya jiwo.

To, akwai wani ƙauye, Kwarin Tsamiya, da dawarsu ba ta nuna da wuri. Mai garin, Jatau, ya tara dattawa yadda suka saba kowace kaka, har da Arɗon Fulani. Suka yanke ba saniyar da za ta shiga gona sai manomin ƙarshe ya kai daminsa gida.

Kai, magana ba ta kwana ba ta isa fada! Aka kawo Jatau, aka tuɓe masa rawani gaban jama'a. Tsoho ya durƙusa da furfura a waje, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Sarki ya ce, "Kai ne sarki ko ni?"

Jatau ya ce, "Allah ya ba ka nasara, wane ni? Dattawa suka zauna, ni bakinsu ne kawai."

Waziri, mutum mai hangen nesa, ya ce, "Ranka ya daɗe, a kira Arɗo, tunda shi aka cuta. Abin da ya roƙa a yi wa tsohon nan."

Arɗo ya zo, ya faɗi ya yi gaisuwa. Ya ce, "Wa aka cuta? Ai da ni aka zauna. In shanuna suka cinye dawar Jatau, a rumbun wa zan sami tsaba da bazara?"

Waziri ya ce, "Dogarai nawa ke tsaron wannan doka taku?"

Arɗo ya yi dariya. "Ko ɗaya. Wa zai karya abin da ya faɗa da bakinsa?"

 Sai sarki ya sa aka mayar wa Jatau rawaninsa, ya ce daga yau kowane ƙauye dattawansa su sa ranarsu. Sannan ya ce, "Jatau, ina da gandu a kwarinku. Yaushe za a saki shanuna su ci kara?"

Jatau ya sunkuyar da kai. "Sai dattawa sun zauna, ranka ya daɗe."

Sarki ya ce, "To, ina jira."