Baƙon da Maccido Ya Ba Ruwa

Akwai wani mai jakai a Illela, zamanin da Turawa ba su daɗe da zuwa ba, sunansa Maccido. Albasa yake kaiwa Ƙonni, ya sayo kanwa. A can kuma mahaifiyarsa take zaune.

Da Turawan Ingila da na Faransa suka raba ƙasa, sai aka tara duwatsu a bakin hanya, aka ce iyaka ce. A gindin duwatsun nan wasu sojoji suka taɓa tare shi, suka tafi da shi aikin tilas. Ya dawo da ƙafafunsa, amma ya dawo da wani abu a ƙirji.

Faɗuwar gaba. Yana cin tuwo sai ta zo. Yana salla sai ta zo. In ya doshi iyaka kuwa, gumi ya keto, sai ya juya jakansa gida.

Ya sha rubutu. Ya ɗaura laya. Ya yi hayaƙin saiwoyi har rufin ɗakinsa ya yi baƙi. Kullum yaƙi yake da abin, kullum abin ƙara ƙarfi yake. Shekaru suka shige bai ga uwarsa ba.

Ran nan aka aiko cewa tsohuwa ta kwanta, sunansa kawai take kira.

Ya fito da jaki ɗaya. Yana hango duwatsun, abin ya taso. Ya zube a gindin aduwa, inda wata tsohuwar Bafulatana mai tallan nono, Hajjo, take hutawa.

"Kai ɗan nan, mi ya same ka? Kunama?"

"Ba kunama ba ce, Inna. Wani abu ne ke zo mini a ƙirji. Na kora, na kora, ya ƙi tahiya."

"In ya zo, kakan yi mai maraba?"

Maccido ya dube ta kamar mai taɓin hankali.

Ta ce, "Baƙo na zuwa wurinka shekara da shekaru, ko ruwa ba ka ba shi ba, sai hayaƙi? Ni ma da haka aka yi mini, da na zauna don gayya. Baƙo raɓa ne. Ba shi wuri, ka gani."

Ta tsiyaya ruwa a ƙoƙo ta miƙa masa. Ya waiga, ba kowa. Cikin kunya ya dafa ƙirji ya ce, "Sannu da zuwa. Zauna." Ya sha.

Tun da abin ya fara, bai taɓa tsayawa ya duba shi ba sai ran nan. To, a ina ya sauka? Ashe ba duk ƙirjin ya cika ba, wani ɗan wuri ne a ƙarƙashin haƙarƙari. Yana bugawa kamar kalangu. Ya hau, ya hau. Maccido bai motsa ba, yana son ya ga iyakarsa. Can sai bugun ya koma kamar daka a unguwa mai nisa.

"Inna! Ashe shina gajiya?"

"Wa ba ya gajiya? Kai ne ba ka taɓa barin shi ya huta ba."

Baƙon bai tafi ba. Ya dai matsa, numfashi ya sami hanya. Maccido ya miƙe, ya ɗauki sandarsa, ya ce, "To, in za ka, hau jaki. Amma ni zan kora."

Haka suka wuce duwatsun, baƙo na nan, ƙafa na tafiya.

Ya tarar da uwarsa da rai. Ta shafa fuskarsa, ta ce, "Wa ya rako ka, bayan shekarun nan?"

"Wani baƙo ne, Inna."

Ta ce, "To, a dama hura ta mutum biyu."

Har Maccido ya tsufa baƙon yakan leƙo. Ya sha ruwa, ya ɗan zauna, ya kama gabansa.

Darasi: Damuwar da kake kokawa da ita kullum, kokawar ce abincinta. Karɓe ta, ka dube ta, ka ci gaba da tafiyarka. Wanda ya san mai irin wannan baƙo, ya tura masa labarin nan.