Ranar da Wuta Ta Ƙi Ɗaukewa a Gashua

Akwai wani mai walda a Gashua ana ce masa Abbagana. Aiki dai ya iya, wannan ba mai musu. In ya yi maka ƙofa, sai dai ginin ya gaji ya bar ta. Matsalarsa ɗaya, bakinsa ya fi hannunsa sauri.

Jarinsa a duniya shi ne wani tsohon injin walda mai nauyin tsiya, wanda ya gada wurin maigidan da ya koya masa sana'a. Da shi ya yi aure, da shi yake ciyar da gida.

Sai aka wayi gari kamfanin wuta ya ɗora layin unguwarsu a rukunin manya. Wanda bai gane ba ya matso in karantar da shi, duk da ni ma makarantar ban tsaya na ga ƙarshenta ba. An raba layukan wuta rukuni-rukuni. Rukunin manya su ne aka yi wa alkawarin wuta kusan dare da rana, su kuma su biya kuɗi mafi tsada.

Unguwar su Abbagana ta samu tsadar cif. Wutar ce dai labarin ƙarin girman bai kai mata ba.

Takan leƙo ne ta yi sallama ta koma. Kafin ka jona injin ka ɗaura tabarau, ta tafi. Ƙarshen wata kuma bil ya iso da ƙibarsa, don shagon ba mita, ƙiyasi ake yi masa. Masu kawo aiki suka fara gajiya da jira. Abbagana ya faɗa wa maƙwabtansa ƙarara cewa in ba a sauko da su daga rukunin nan ba, sai dai ya sayar da injin ya rufe shago.

Maƙwabtan nasa biyu ne. A dama akwai Hamajoɗa, Bafillatani, tela mai keken wuta, abokin wasansa na ƙabila da ba su taɓa gaisawa ba tare da zagin juna ba. A hagu akwai Dorathy, wadda kowa ke kira Maman Ebuka. Tun tana amarya ta zo garin daga kudu, tana sayar da kifin firji da zoɓo mai sanyi. Kifin da ta zubar a watannin nan ya isa a yi biki da shi.

Ana cikin wannan hali Bulama, wato mai unguwa, ya sa aka yi shela. Hukumar da ke sa ido kan kamfanonin wuta za ta turo mutanenta ranar Talata, za su zauna a ɗakin taro su saurari jama'a. In suka tabbatar layin ba ya samun wutar da aka yi alkawari, suna da ikon sa kamfani ya sauko da shi. Bulama ya roƙi kowa ya fito, musamman masu sana'a.

Ba wanda ya zaɓi Abbagana ya yi magana da yawun unguwa. Shi ya zaɓi kansa.

Kullum da yamma a majalisar gindin bishiyar maina sai ya miƙe ya gwada yadda zai yi. Ya ce zai sa manajan kamfani ya nemi ruwan sha. Ya ce mutanen hukuma ba su taɓa haɗuwa da irinsa ba, sai sun nemi lambarsa kafin su tafi.

Hamajoɗa ya ce, “Bawana, in an ba ka lasifika kar ka fara da tarihin kakanninka. Mutanen nan da yamma za su tafi.”

“Kai dai ka zo ka tafa mini,” in ji Abbagana. “Abin da Bafillatani ya iya ke nan a taro.”

Ranar Talata ta zo. Ana idar da sallar asuba, sai ga wuta.

Ba irin mai ƙyaftawar nan ba. Wuta cikakkiya, fanka tana juyawa kamar za ta tsinke. Aka jira ta ɗauke, ta ƙi. Rana ta fito, tana nan.

Duk wanda ya zauna a garuruwanmu ya san abin da ke biyo baya. In wuta ta zo ba a sa mutum, ba a tuna masa. Mai rijiyar burtsatse ya kunna famfo, mata suka fito da robobin niƙa, masu guga suka baje kaya. Kowa yana sauri kamar ana binsa, don ba wanda ya san minti nawa aka ba shi.

Ni ban ce da gangan aka kawo ta ba. Ban ga kowa ya danna komai ba. Na dai ce ranar Talata ce.

Abbagana ya fito da babbar rigarsa a kafaɗa, zai wuce ɗakin taro. Sai idonsa ya faɗa kan wani get da ke jingine a shago. Na wani Alhaji ne daga Dapchi, ya daɗe a nan rabi da rabi, mutumin har ya daina gaisuwa in ya kira waya. Abbagana ya dubi get, ya dubi ƙwan fitila yana ci. Ya rataye rigar a ƙusa, ya ce bari ya ɗan kama kusurwoyin kawai.

Yana cikin yi Maman Ebuka ta fito, ta sha ɗaurin kallabi kamar ranar Lahadi. Ta tsaya nesa da tartsatsi ta kira shi, ta ce lokaci ya yi. Ya ɗaga tabarau ya ce ta yi gaba, yana bayanta.

Ta ce, “Oga Abbagana, ni firji ba ya buƙatar in tsaya a kansa, shi ya sa zan iya tafiya. Amma kai ne ka ce za ka yi magana. Wutar nan gobe ba za ka gan ta ba.”

Ya ce ai dalilin ke nan da ba zai bar ta ta tafi a banza ba. Ta leƙa wurin Hamajoɗa. Shi ko kai bai ɗago daga keke ba, ya ce bawansa zai wakilce shi.

Haka aka yi a kowane shago. Mai niƙa ya ɗauka mai walda ya tafi, mai walda ya ɗauka unguwa ta cika ɗakin, jiransa kawai ake. Ba wanda ya ƙi zuwa. Kowa yana zuwa, in ya gama wannan.

A ɗakin taro kujeru sun fi mutane. Bulama yana nan, da wasu dattawa da sanyin fanka ya fara ɗauka, sai Maman Ebuka. Manajan kamfani yana zaune da murmushinsa, ya sa an jera ruwa mai sanyi a tebur. Shugaban tawagar hukuma wani siririn mutum ne mai furfura, Malam Nuraini. Da ganin idonsa ka san ya kwana biyu a hanya.

Maman Ebuka ta miƙe ta faɗi abin da ta sani. Ta faɗi kifin da ta zubar, ta faɗi yadda bil ke hawa wuta tana sauka. Ba ta iya ƙawata magana ba, amma ba ta rage komai ba.

Manaja bai yi musu da ita ba. Tashi ya yi ya buɗe taga, ya roƙi baƙi su saurara. Garin gaba ɗaya yana ruri, injin niƙa nan, injin yankan katako can. Ya ce cikin ladabi, jama'ar da ake jira ga su can suna aiki, kuma da wuta suke aikin.

Malam Nuraini ya juyo daga taga. Sannan ya tambayi Maman Ebuka ko akwai wani mai sana'a da zai gaskata maganarta. Ta ce akwai. Su je shagon Abbagana mai walda, duk unguwar ba wanda wutar nan ta cuta kamarsa, shi zai faɗa musu komai. Ta kwatanta musu wurin.

Malam Nuraini ya bar manaja a ɗakin taro, ya bar motar da ke da tambarin hukuma, ya shiga wata ƙarama. So yake ya ji gaskiya daga bakin mutum ba tare da kowa ya tsaya masa a kai ba.

To, akwai abin da ya kamata ku sani game da masu walda. Mai walda ba ya taɓa faɗa wa mai kawo aiki cewa babu wuta. Ranar da ka faɗa, ranar aikin zai koma wurin mai janareto.

Abbagana ya ga mota ta tsaya, dattijo ya fito da shadda mai tsabta da agogo. Zuciyarsa ta ce masa ga mai sabon gini. Ya kashe injin ya goge hannu, ya jawo benci.

Malam Nuraini ya yi masa sannu da aiki, ya yaba get ɗin. Sannan ya tambaya, idan mutum ya kawo babban aiki, wuta ba ta kawo masa tsaiko?

Abbagana ya yi dariya. “Alhaji, nan layin manya ne. Wuta ba ta ɗaukewa a nan sai dai mu mu gaji mu kashe. Ko tagogin bene kake so, kawo, kafin Juma'a ka ɗauka.”

“Kullum haka take?”

“Kullum. Masu kuka da wuta ragwaye ne, aikin ne ba su iya ba.”

Dattijon ya miƙe daga benci. Ya yi godiya, ya shiga mota. Abbagana har yana bin sa da cewa zai yi masa ragi.

Bayan la'asar motocin baƙi suka kama hanyar Nguru. Ina jin ko Jajimaji ba su kai ba, fanka ta fara rage gudu. Sandar walda ta mutu a hannun Abbagana. Get ɗin ma bai ƙarasa ba, saura ɓangare guda.

Sai a lokacin ya tuna da rigar da ke rataye a ƙusa.

Maman Ebuka ta dawo a gajiye, takalmi a hannu. Ta tambaye shi me ya faɗa wa shugaban hukumar da ta turo masa, siriri mai furfura. Nan Abbagana ya gane wanda ya jawo wa benci. Hamajoɗa da ya ji komai ta bango ya fito ya maimaita mata kalma bayan kalma.

Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, “Ni kaɗai na tsaya a gaban mutanen nan. Sunanka na ba su.” Ta shiga shagonta ta fara kwashe kifi daga firji tun bai narke ba.

Washegari da sassafe Abbagana ya sa babbar rigar, ya shiga motar haya zuwa Nguru, inda tawagar za ta yi zama na gaba. Tun daga tasha ya ji garin yana ruri. Su ma tasu wutar ta zo da asuba. Ya tarar da ɗakin taronsu kusan wayam.

Da aka ba da dama ya miƙe. Duk jawabin gindin maina ya gudu ya bar shi. Ya ce shi daga Gashua yake, abin da ya faɗa jiya ƙarya ne, ya ɗauka mai kawo aiki ne.

Malam Nuraini ya gane shi. Bai yi masa tsawa ba, bai yi dariya ba. Ya ce ya yarda wataƙila yau ce gaskiyar. Amma ya zo da abokan aiki, sun ga gari yana aiki, sun ji mai ƙorafi ɗaya, shi kuma ya ji mai shaidar da ita da kanta ta kawo ya ƙaryata ta. Ya ce, “Malam, in na koma na ce a sauko da layinku, da bakin wa zan ce? Da naka na jiya ko na yau?”

Ya ce za su sake zagayowa, amma bai san yaushe ba. Garuruwan da yawa, su kaɗan ne.

Layin ya zauna a rukunin manya. Bil ya ci gaba da zuwa wa kowa, har da Maman Ebuka da ta je taron. Alhajin Dapchi ya turo a-kori-kura ta kwashe get ɗinsa yadda yake. Abbagana ya daina fitowa gindin maina.

Daga ƙarshe ya sa injin a kasuwa. Wani mai suna Abdulbaƙi ya zo daga Kumagannam, yana son buɗe shagon walda. Ya ce zai saya da daraja, amma sai ya ga yana aiki. Magana ce ta gaskiya, ba wanda zai sayi injin da bai ga wutarsa ba.

Suka zauna a benci suna jiran wuta. Suka yi azahar tare, suka yi la'asar. Washegari mutumin ya dawo, suka sake zama. Hira ta ƙare, sai kallon ƙwan fitila. Aka nemi janareton da zai iya ɗaukar injin, mai shi ya ce ba ya jona tsohon kaya a nasa. Abdulbaƙi ya ba da haƙuri, ya ce kasuwar garinsu gobe ce, ya tafi.

Waɗanda suka saye shi 'yan gwangwan ne, masu sayen tsohon ƙarfe. Ba su tambayi ko yana aiki ba. Jan ƙarfen cikinsa suke so.

Hamajoɗa ne ya kama masa suka ɗora shi a sikeli. Ranar bai ce masa bawana ba. Abbagana ya tsaya har suka ciro guduma da kurfi, sannan ya juya baya.

Darasi: Kada daɗin yini ɗaya ya hana ka zuwa inda za a yanke hukuncin shekararka, kuma kada ka ce wani zai je a madadinka. Mai cika baki don kar a ga gazawarsa, wata rana zai cika shi a gaban wanda ya zo taimakonsa. In an kira taron wuta a garinku, kashe injin ka tafi, ka faɗi halin da kake ciki yadda yake. Ku tura wa masu sana'ar unguwarku tun cajin wayarku bai ƙare ba.