Akwatin Lissafin Gimbiya Rumasa'u

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, can bayan tekun gishiri, an yi wani sarki mai suna Zarruƙu, wanda ke mulkin birnin Tamrasu mai idanun ruwa bakwai. Wata rana baƙin aljani Kurmuzu ya sauka bisa dutsen birnin, ya toshe idanun ruwan duka, ya aiko wa fada cewa, "Na riga sama da ƙasa, a gabana aka kunna taurari. Ku yi mini sujada ku sha ruwa, ko kuwa ku nuna mini farkon duniya cikin kwana arba'in, in kun isa."

Gonaki suka ƙone, dabbobi suka fara faɗuwa, har wasu fadawa suka soma raɗa cewa gara a durƙusa.

Sarki yana da 'ya, Gimbiya Rumasa'u, wadda tun ƙuruciya hisabi da ilmin taurari suka fi alharini daraja a wurinta. Ta faɗi gaban mahaifinta ta ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, awona ya nuna mini taurari na nisantar juna. In an bi sawunsu da baya, za a kai inda suka taso. Sai dai lissafin ya fi ƙarfin kan mutum dubu. A ba ni maƙeri."

Aka kawo mata Jatau, maƙerin tagulla marar yawan magana. Kwana talatin yana ƙira tana awo, har suka haɗa akwati mai haƙoran tagulla dubu bakwai masu juya juna, da mariƙin murɗawa a gefe, da madubi a samansa.

Ta ba akwatin adadin nauyi da zafi na farkon duniya, Jatau ya murɗa. Madubi ya nuna ƙura mai haske, ta watse, ba tauraro ko ɗaya. Ta ƙara nauyi, sai komai ya dunƙule ya mutu nan take. Kwana tara tana haka, leɓunanta sun tsage don ƙishi, Jatau yana ba ta rabon ruwansa yana cewa ya sha.

Ran na arba'in ta gyara adadin da abin da bai kai silin gashi ba, ta sa aka hau da akwatin dutse, Sarki da jama'a na biye.

Jatau ya murɗa. Wani ɗigo ƙasa da ƙwayar gero ya bayyana, ya tsage da hasken da ya sa kowa rufe ido. Ɗigon ya buɗe, ya yi ta buɗewa, wuta ta huce ta zama hayaƙi, hayaƙi ya taru dunƙule-dunƙule, sai taurari suka kama ɗaya bayan ɗaya, suna kewaya kamar garken da ba ya ƙirguwa. Rumasa'u ta tsaya kallo, hawaye na zuba, ta manta ita ta yi lissafin.

Kurmuzu ya sunkuyo yana neman kansa a madubi. Zamunna suka wuce, bai ga ko inuwarsa ba. Ya ce, "Mayar da shi baya, ya 'yar sarki. Mene ne kafin ɗigon?"

Jatau ya murɗa baya, haƙoran suka kai ɗigon suka cije.

Ta ce, "Nan lissafi ya ƙare. Wannan ma hoto ne muka kwaikwaya, kuma da na kuskure da silin gashi, da babu komai. Abin da ke kafin ɗigon sai Wanda ya ce kasance."

Aljanin ya kifa goshinsa a ƙasa, yana fuskantar gabas. Idanun ruwa bakwai suka ɓalle lokaci guda.

Sarki ya ce wa 'yarsa ta faɗi bukatarta. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ranka ya daɗe, akwai wanda ya yi kwana tara yana yi mini ƙarya cewa ya sha ruwa."

Ranar Juma'a aka ɗaura aurenta da Jatau, a bakin rafin da ya dawo.