Giginyar Kunkuru

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso!

Ta zo mu ji ta, mun matso.

Kurege da Kunkuru suka shuka ƙwallon giginya. Rannan Hankaka ya dawo daga kasuwa yana ihu: "Giginya ta faɗi, bana gyaɗa ake yayi!"

Kurege ya ruga ya tone nasa, ya cinye murucin, ya shuka gyaɗa. Da aka ce yanzu riɗi ake yayi, ya sake tonewa.

Shekaru suka wuce, giginyar Kunkuru ta yi 'ya'ya, gonar Kurege kuwa sai ramuka. Ya ce, "Yaya Kunkuru, ina ka samo wannan haƙuri?"

"Wane haƙuri, ƙanena? Ni ma tonewa nake tafiya yi. Kafin in isa gona, labarin ya canja."

Ƙurunƙus kan kurege mai gaggawa!