Motar da Usta Ƙasimu Ya Yi wa Kwalliya

Usta Ƙasimu makanike ne a Madina, usta kuwa lakabin gwanin sana'a ne a nan. Warsharsa, wato garejinsa, tana wani lungu na Harra ta Gabas, unguwar da kakansa ya sauke kaya bayan ya zo hajji daga ƙasar Hausa bai koma ba. Hannunsa yana da kyau a kan injin dizal, ko maƙiyinsa ba zai musa wannan ba. Sai dai yana da wani hali guda wanda shi yake kira taimako. Ni kuwa da na yi shekara da shekaru ina maƙwabtaka da shi, ha'inci nake kiransa.

A ƙasar nan mota sai an riƙa kai ta fahas, wato gwajin lafiyar mota. Ana duba birki da fitilu da tayoyi da hayaƙi, a leƙa ƙarƙashinta. In ta ci a rubuta, in ta faɗi a rubuta dalili, mai ita ya je ya gyara ya dawo. Duk wannan yana nan a ajiye, mai son sayen mota yana iya nema ya karanta.

To, shi Usta Ƙasimu kwalliyar fahas yake yi wa motoci. Yana da tayoyi masu kyau da kayan ƙafa da ya ware don aro. Mutum zai kawo ragargajajjiyar motarsa da safe, a ɗaura mata na aro, a zuba wani ruwa a tanki don hayaƙi ya lafa, a shafe tsatsar ƙasa da baƙin fenti mai kauri. Ta je ta ci fahas, ta dawo da yamma a kwance kayan, a mayar mata da tsummokaranta. In na yi masa magana sai ya yi dariya ya ce, "Ya jari, maƙwabcina, talaka ne fa ya zo yana kuka. In ƙi shi?" A gida kuwa ba wanda ya sani. Matarsa Zaituna da 'ya'yansa sun ɗauka gyara kawai yake yi.

Cikin masu zuwa aron nan akwai wani Bakri, mai wata farar jif ta dizal. Bakri masunci ne na sha'awa. Duk hutun mako sai ya kora ta bakin teku wajen Yanbu, ya kutsa da ita cikin ruwan gishiri, ya dawo bai ko wanke ta ba. Gishiri ya cinye shasin, wato ƙarfen da ke ɗauke da motar gaba ɗaya, har ya tsage a daidai inda ƙafar gaba ta dama take kamawa. Usta ya ga tsagar da idonsa. Da hannunsa ya cike ta, ya bi da fenti, kuma haka yake yi duk shekara.

Autar Usta Ƙasimu ita ce Sundus, tana aiki a wani kantin magani a Al-Ranuna. Yarinya ce mai tsantseni, irin waɗanda ba sa shan magani sai sun karanta takardar cikin kwali. Tana jin Hausa sarai, amma kamar yawancin sa'o'inta, da Larabci take amsawa. Uban ya sha roƙonta ta yi masa ko jimla ɗaya ce da harshen kakanninta, sai ta yi murmushi ta ce bakinta ya yi nauyi. Yana ji da ita fiye da kowa, ita ma tana ganin babu mai gaskiya a Madina kamar babanta.

Da Sundus ta sami lasisi, sai ta ƙudura sayen babbar mota, don gwiwoyin mahaifiyarta ba sa son durƙusawa cikin ƙarama, kuma ta daɗe tana burin ta tuƙa ta zuwa umra da kanta. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta zauna ta bi tarihin fahas na motocin da ta gani, ɗaya bayan ɗaya. Wata ta ga kilomitarta ta ragu maimakon ta ƙaru, ta san an taɓa agogon, ta watsar. Wata ta ga an yi shekara ba a kai ta gwaji ba, ta ce Allah kaɗai ya san inda ta kwana. Akwai wata ta wani likita ɗan Najeriya da ta kwanta mata a rai, amma ta taɓa faɗuwa a kan hayaƙi, ta kuma faɗi a kan birkin baya kafin a gyara, sai ta tsorata. Daga ƙarshe ta faɗa kan wadda ba ta taɓa faɗuwa ba ko a kan fitila. Kilomita tana hawa daidai, kowace shekara ta ci a karon farko.

Wata ranar Asabar da hantsi Usta yana ƙarƙashin wata mota, sai ya ji muryar 'yarsa a ƙofar warsha. Ya fito yana goge hannu. Ga Sundus fuska cike da fara'a, ga farar jif, ga Bakri a tsaye kusa da ita yana wasa da makulli.

Ta ce da Larabci, "Baba, na karanta tarihinta kaf, babu tabo ko ɗaya. An ce in kai ta warshar bincike kafin in saya. Na ce ina da uba usta, me zai kai ni wajen bare? Duba min ita."

Bakri bai san cewa 'yar Usta ce ba sai da ta nuna masa hanyar warshar. Yanzu ya tsaya yana kallon Usta, Usta yana kallonsa. Kowa yana riƙe da asirin ɗan'uwansa. Bakri ya yi gyaran murya ya ce, "Wallahi ya Usta, kai ka fi kowa sanin motar nan. Faɗa mata gaskiya, shi ke nan."

Usta ya kwanta ya shiga ƙarƙashinta. Ga fentinsa nan yana sheƙi. Ya daɗe a wurin, ba don yana duba komai ba. In ya ce motar ruɓaɓɓiya ce, Sundus za ta tambaya yadda aka yi ta ci fahas, kuma Bakri ba zai yi shiru ba. Ya tuna yadda yarinyar take cewa “babana” a gaban mutane. Sai ya ce a ransa zai gyara ta a ɓoye, ba wanda zai ji. Ya fito ya karkaɗe riga ya ce, "Babu laifi. Tayoyin ne sun gaji, ni zan sa miki sababbi. Mabruk, Allah ya sa albarka."

Ya sa tayoyin kuwa, ya canza abin da ke canzuwa. Amma tsagar shasi ba aikin yamma ɗaya ba ne. Sai an sauke gaban motar an yanke ruɓaɓɓen ƙarfe, kuma motar ta kwana biyu a warsha. Wane dalili zai ba Sundus? Yau ya ce gobe, gobe ya ce jibi. Ya lallashi kansa cewa daga Harra zuwa Al-Ranuna ba wani gudu ake yi ba, za ta riƙe.

Ana nan, wata rana suna cin abincin rana, Zaituna ta ce, "Maigida, auta za ta kai ni umra ranar Alhamis. A motarta."

Usta ya ce, "Ku hau jirgin ƙasa mana. Ya fi sauri, ya fi hutu."

Sundus ta yi dariya. "In sayi mota don wannan tafiyar, sannan in hau jirgi? Ba kai ka duba ta ba, Baba? Ko akwai wani abu?"

Nan Allah ya sake buɗe masa ƙofa, kuma na rantse da ya shiga da labarin nan bai kai ga kunnenku ba. Kalma uku ta ishe shi: shasin ya tsage. Ya dubi 'yarsa, ya dubi matarsa, ya sunkuyar da kai cikin kwano ya ce, "Babu komai. Ki dai tafi a hankali."

Ranar Alhamis suka tsaya a Bi'ir Ali, suka yi salla a masallacin miƙati, suka ɗauki niyya. Sundus ta fito da motar tsakanin manyan bas-bas na maniyyata, ta hau babban titin Makka, ta taka kamar yadda kowa yake takawa. Ba su yi nisa ba tayar dama ta faɗa wani ɗan gargada. Ƙarfen da gishiri ya ci ya rabu, ƙafar motar ta naɗe, sitiyari ya ƙwace daga hannunta. Motar ta daki shingen ƙarfe ta kwanta a gefe.

Zaituna ta fita da ƙujewa da targaɗe. Sundus kuwa ƙafarta ta dama ta karye a wuri biyu, ƙugu ya goce. Likitoci suka ce za ta taka, amma da ɗingishi, kuma tsayuwar yini a kantin magani sai dai ta haƙura.

Na raka Usta asibiti. Muka same ta a kwance da waya a hannu, tana ta bin tarihin fahas ɗin nan sama da ƙasa. Idanunta sun kumbura. Ba ciwon ne yake sa ta kuka ba.

Ta ce, "Baba, na kusa kashe Umma. 'Yan sanda sun ce shasin ruɓaɓɓe ne, an rufe shi da fenti. Na karanta komai, wallahi na karanta. Kai ma an yaudare ka saboda ni. Nuna min inda na yi kuskure."

Ya zauna a bakin gado. Abin da ya kasa faɗa a warsha, ya kasa faɗa a kan abinci, yanzu ya faɗe shi duka, tun daga tayoyin aro har zuwa fentin. Ya ce, "Ba ki yi kuskure ba, auta. Karatunki daidai ne. Abin da kika karanta ne ƙarya, kuma ni na rubuta shi."

Sundus ta ajiye wayar. Ta dube shi, ta buɗe baki ta yi masa Hausar da ya yi shekaru yana roƙo, tsaf ba gargada:

"Ashe ka sani, Baba."

Ta juya fuskarta bango. Usta ya rufe warshar ba a jima ba. Motar likitan nan da ta taɓa faɗuwa aka gyara, har yau ina ganinta tana wucewa ta Ƙuba lafiya lau. Sundus tana gaida mahaifinta safe da yamma, ba ta taɓa ɗaga masa murya ba. Amma in ya gaya mata abu, ko lokacin salla ne, sai ta duba wayarta.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Mai sayen tsohuwar mota ya karanta tarihin gwajinta da kyau, amma ya sani cewa wadda ta faɗi aka gyara ta fi wadda ta tsufa ba tabo abin amincewa, kuma takarda ba ta hana a kai wa wanda ba shi da hannu a ciki ya leƙa ƙarƙashi. Shi kuma mai ha'inci ya tuna cewa ƙaryar da ya saki a titi ba ta san gidansa ba balle ta kauce masa, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. In kuwa ka riga ka yi kuskure, faɗe shi tun kunya ce kaɗai za ta same ka. Usta Ƙasimu ya ji tsoron zubewar girmansa a idon 'yarsa, sai ya rasa girman, ita kuma ta rasa lafiyar ƙafa.